Sharhi kan aikin wani mai gyaran sadarwa a Maradi, da yadda ya gano inda bayananmu suke zubewa

Shekara 6 ke nan ina riƙe da wata ƙaramar cibiyar kwamfuta a nan Maradi, kuma mafi yawan masu zuwa wurina ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne, sai ƴan kasuwa masu aika takardu Yamai ko Kwatano, sai matasan unguwa masu sayen tikitin waya-fai. Kwamfutoci 18 nake da su a ɗaki, dukkansu kuma, tare da wayoyin masu tikiti, ta cikin wata tsohuwar kwamfuta guda suke bi kafin su kai ga intanet. Wannan kwamfutar ita ce ƙofar gidan, ita ce kuma rumbun da ɗalibai suke zuba darussa da hotunan bidiyo suna kwasa. Tana aiki da Debian 12, wani nau'in Linux, wato babbar manhajar da take tafiyar da kwamfuta, wanda ya fito a watan Yunin 2023 ɗauke da Linux 6.1, ma'adanarta ta aiki, wadda masu gyara suke kira RAM, gigabayit 2 ce kawai.

Matsalar da ta sa na nemi mai gyara ta daɗe tana damuna. Da safe komai lafiya lau, amma da zarar la'asar ta yi, ɗaki ya cika, sai shafuka su riƙa tsayawa a tsakiya, kiran bidiyo ya riƙa yankewa, mai kwafe fayil daga rumbu ya ga gudun ya faɗi kamar an taka masa birki. Idan na kashe kwamfutar na kunna, sai ta yi kwana 1 ko 2 tana aiki sumul, sannan ciwon ya dawo. Abokan cinikina suna cewa babu rezo, ni ma haka na ɗauka, har na ƙara kuɗin da nake biya a wata don a faɗaɗa mini layi, ban ga wani sauyi ba. Masu gyara 2 sun duba kafin wannan da zan yi magana a kansa: na farko ya sauya wayoyin ɗakin gaba ɗaya, na biyu ya ce in sayi sabuwar kwamfuta daga Kano. Wani malamin makaranta da yake buga takardunsa a wurina ne ya haɗa ni da wani saurayi mai ƙaramin shago, wanda ya ce aikinsa ke nan, kula da na'urorin sadarwa na ofisoshi da masu sayar da waya-fai.

Abin da ya fara burge ni da shi shi ne bai zo da kaya a hannu don ya sayar mini ba, kuma ya ƙi zuwa da safe. Ya ce mini: "Alhaji, ku bari sai lokacin da ciwon yake tashi, domin mai lafiya ba a gane cutarsa." Ya iso bayan la'asar, ya zauna gaban kwamfutar, ya yi kusan rabin sa'a bai taɓa komai ba sai karanta ƙididdiga. Umarni uku ya yi ta maimaitawa. Na farko, ip -s link, yana nuna adadin ƙunshin bayanan da katin sadarwa, wato ɓangaren kwamfutar da wayar sadarwa take shiga, ya karɓa da waɗanda aka zubar. Na biyu, dmesg, littafin da zuciyar Linux take rubuta kokenta a ciki. Na uku kuma wani fayil ne mai suna /proc/buddyinfo. Da ya gama ya kira ni, ya nuna mini lambar waɗanda aka zubar tana hawa a gaban idona, ya kuma nuna mini wani layi da yake ta maimaituwa a littafin koken, mai cewa "page allocation failure", da lamba 2 a gefensa. Ya ce layin da nake biya ba shi da laifi, bayanan suna isowa har bakin ƙofa, a cikin gida ne suke zubewa don ba a samu abin tararsu ba.

A nan ne ya yi mini bayanin da ya sa na ga ya cancanci a rubuta sharhi a kan aikinsa, kuma zan faɗe shi yadda na fahimce shi bayan na yi ta tambayarsa. Bayanai ba sa tafiya a waya a dunƙule, ana yanka su ƙunshi-ƙunshi, kuma a tsarin Ethernet da aka saba, ƙunshi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da bayit 1500. Katin sadarwa ba ya jiran na'urar sarrafawa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta zo ta karɓi kowane ƙunshi da hannunta. Shi da kansa yake rubuta shi kai tsaye cikin ma'adana, dabarar da ake kira DMA. To amma kati ba zai rubuta a inda ya ga dama ba. Dole ne direba, wato ƴar manhajar da take tsakanin katin da Linux, ya riga ya ware gurabe a ma'adana tun ƙunshin bai iso ba, ya rubuta adireshin kowane gurbi a wani jeri da aka yi shi kamar zobe, wanda in an kai ƙarshensa ake komawa farko. Kati yana bin zoben yana cika gurabe, direba yana biye da shi yana ɗauke waɗanda suka cika yana miƙa su sama, yana kuma ajiye sababbi marasa komai a madadinsu. Misalin da ya ba ni shi ne na ƴan ga-ruwa a bakin famfo: ruwa ba ya tsayawa don an rasa jarka, idan mai kura bai tura wata jarkar a kan lokaci ba, ƙasa ce take sha. Ƙunshin da ya iso bai tarar da gurbi ba, jefar da shi ake yi, sai mai aikowa ya lura ya sake aikowa, kuma a ƙa'idar aika bayanai ta intanet da ake kira TCP, duk lokacin da aka yi asara irin wannan mai aikowa yana rage gudunsa. Wannan ne birkin da ɗalibaina suke ji.

Na tambaye shi abin da ya hana direban samun gurbi, alhali kwamfutar tana nuna akwai sauran ma'adana. Amsarsa kashi biyu ce, kuma duka biyun sun gamsar da ni. Kashi na farko, direba yana neman gurbin ne a wani yanayi da ba a yarda ya jira ba. Manhaja ta yau da kullum idan ta nemi ma'adana aka rasa, Linux yana iya sa ta ɗan dakata har ya share wuri ya ba ta, amma aikin karɓar ƙunshi ana yin sa ne a wani matsayi da ba a barci a cikinsa, don haka ana nema ne da sharaɗin da ake kira GFP_ATOMIC, ma'anarsa a ba ni yanzu ko a ce babu. Kashi na biyu shi ne ainihin cutarmu. Linux yana raba ma'adana shafi-shafi, kowane shafi bayit 4096 a irin kwamfutocinmu. Wani daga cikin waɗanda suka taɓa kwamfutar a baya ya ɗaga iyakar girman ƙunshi a katin da yake fuskantar ɗaki daga 1500 zuwa 9000, da niyyar rumbu ya ƙara gudu. Direban wannan katin, wanda na saya da araha a kasuwa, yana ware kowane gurbi ne gwargwadon wannan iyakar, kuma yana son sa a haɗe ba a gutsuttsure ba. Bayit 9000 da ƴan kai ba sa shiga shafi 2, tsarin rabon kuma ninkawa yake yi, daga 1 sai 2 sai 4, saboda haka kowane gurbi sai ya ci shafi 4 a jere, bayit 16,384. Lamba 2 ɗin nan da muka gani a littafin koke wannan take nufi, an ninka sau biyu, daga 1 zuwa 2, daga 2 zuwa 4. Ko da ƙunshin da ya iso ɗan mitsitsi ne mai bayit 60, gurbin da aka tanadar masa wannan ƙaton ne.

Ya ce in ɗauka Babbar Kasuwa ce wani ya je yana neman rumfa 4 manne da juna. Ranar da aka buɗe kasuwa zai samu cikin sauƙi, amma bayan an daɗe ana shiga ana fita, rumfunan da babu kowa suna iya kai ɗari, sai dai ɗaya a nan, ɗaya a can. Fayil ɗin buddyinfo abin da yake nunawa ke nan: a layin shafi ɗai-ɗai akwai dubbai, a layin shafi 4 a jere kuwa lambar tana sauka har sifili lokacin da ɗaki ya cika. Nan take na gane dalilin da ya sa kashewa da kunnawa take kawo sauƙin kwana 2, domin kunnawa tana mayar da kasuwar ranar buɗewarta. Shekara guda ina ganin wannan alamar ban san karatunta ba, shi kuwa a zama ɗaya ya karanta ta.

Gyaran farko bai ci ko dala ba ban da ladansa. Ya mayar da iyakar ƙunshi 1500, tun da dai babu wata kwamfuta a ɗakin da aka saita ta aika manyan ƙunshi, ya kuma ninka wani ma'auni mai suna vm.min_free_kbytes, wanda yake faɗa wa Linux yawan ma'adanar da zai riƙa bari a gefe saboda masu neman gaggawa irin direba. Koken nan na littafi ya ɗauke a daren. Asarar ƙunshi ta ragu sosai amma ba ta ƙare ba, kuma bai ɓoye mini hakan ba. Ya ce sauran matsalar tana ga katin kansa, zobensa ƙarami ne kuma direbansa bai yarda a faɗaɗa shi ba, ya ba ni aron wani kati na hannu na Intel mai amfani da direban igb, ya ce in gwada mako guda, idan bai yi ba in mayar masa. Wannan hali ne da ban saba gani ba a wannan sana'a, kuma shi ya sa na saki jiki da shi.

Da ya dawo ya saka katin, na zauna kusa da shi domin a lokacin abin ya riga ya shiga raina. Ya nuna mini da wani umarni, ethtool -g, cewa direban igb yana farawa da gurbi 256 a zobe, kuma ana iya kai shi har 4096. Sai ya ɗauki takarda ya yi lissafi. Waya mai gudun gigabit 1 idan ta cika da ƙunshi masu bayit 1500 tana kawo kimanin 81,000 a daƙiƙa guda, idan kuma mafi ƙanƙanta ne masu bayit 64, tana iya kawo kusan miliyan 1 da dubu 488. Ke nan zobe mai gurbi 256 zai cika cikin kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa idan na'urar sarrafawa ta shagala da wani aiki, kamar rubuta fayil a faifai, abin da tsohuwar kwamfutata take yi duk lokacin da ɗalibai 5 ko 6 suka zuba bidiyo a rumbu lokaci guda. Ya kai zoben 1024, wanda ya ba ta sararin sama da kashi 12 cikin dubu na daƙiƙa, kuma ma'adanar da hakan ya ci ba ta wuce megabayit 2 a zobe ɗaya ba, tun da kowane gurbi bayit 2048 ne. Na ce masa me zai hana a kai shi 4096 a huta. Ya ce a'a, kuma dalilinsa ya nuna mini ba haddar umarni ya yi ba. Zobe mai tsawo yana shanye ambaliyar ɗan lokaci ne kawai, ba ya ƙara wa na'urar sarrafawa ƙarfi. Idan bayanai sun fi ƙarfinta a kai a kai, dogon zobe layi ne mai tsawo da kowane ƙunshi zai tsaya a ciki, mai kiran bidiyo ya ji muryarsa tana jinkiri. Bugu da ƙari, gurabe masu yawa ba sa zama a cikin ƴar ma'adana mai sauri da take jikin na'urar sarrafawa, sai a yi ta zuwa nesa ana ɗauko su.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a bayaninsa shi ne dabarar da direban wannan katin yake yi don kada ya yi ta roƙon ma'adana. Yana karɓar shafi 1 ya raba shi biyu, ya ba kati rabi. Idan ƙunshi ya sauka a wannan rabin aka miƙa shi sama, sai ya juya ya ba kati ɗaya rabin, kuma in dai an gama da na farko kafin zobe ya zagayo, shafin nan ɗaya za a yi ta juyawa ba tare da an koma wurin mai rabo ba. Idan ma babban ƙunshi ya zo, yana iya shimfiɗa shi a gurabe da dama maimakon ya nace sai shafi 4 a jere. Ya ce da kowane direba da irin tasa dabarar, har aka shigar da wani tsari na bai ɗaya mai suna page_pool a Linux 4.18 a 2018, aikin Jesper Dangaard Brouer, wanda yake riƙe tafkin shafuka ga kowane zobe yana sake amfani da su, kuma direbobi da yawa sun koma kansa. Ya ambaci wata tsohuwar dabarar kuma, wadda direba irin e1000e yake yi, inda ƙunshin da bai wuce bayit 256 ba ake kwafe shi a ƙaramin wuri a bar babban gurbin a zobe, domin kwafe ɗan abu ya fi arha a kan neman sabon gurbi. Haka nan ya yi mini bayanin NAPI, tsarin da Jamal Hadi Salim da Robert Olsson da Alexey Kuznetsov suka gabatar a 2001, wanda ya hana kati ya riƙa katse na'urar sarrafawa a kan kowane ƙunshi: kati yana kira sau ɗaya, sannan direba ya zo ya kwashi har 64 a zagaye guda, yana cike gurabe yana tafiya. Ban riƙe duk abin da ya faɗa ba, amma na riƙe cewa duk waɗannan dabaru abu ɗaya suke karewa, kada ƙunshi ya iso ya tarar babu jarka.

Yanzu sai inda aikinsa ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Kwana 3 bayan ya tafi aka ɗauke wuta, batirin da yake riƙe kwamfutar ya ƙare, kwamfutar ta mutu, da aka kunna ta sai asarar ƙunshi ta fara dawowa da yamma. Na kira shi, bai samu zuwa ba sai bayan kwana 2, domin shi kaɗai ne a shagon kuma ya tafi wani aiki a Tasawa. Da ya zo ya amsa laifinsa ba tare da kwana-kwana ba: tsawon zoben da ma'aunin ma'adanar gefe da umarni ya saita su, kuma irin wannan saiti ba ya tsira idan an kashe kwamfuta sai an rubuta shi a fayilolin da ake karantawa lokacin tashi. Ya rubuta su, ya kashe ya kunna sau 2 a gabana don mu tabbatar, bai karɓi ƙarin kuɗi ba. Na yaba da gaskiyarsa, amma ina ganin mai aiki a garin da ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi yake wuce digiri 40, bai kamata ya bar wurin aiki ba sai ya gwada kashewa da kunnawa. Abu na biyu, ya sauya tsawon zoben ne lokacin da ɗaki yake cike, bai gargaɗe ni cewa katin zai ɗauke na ƴan daƙiƙoƙi ba, wata ɗaliba da take cike takardar rajista ta rasa abin da ta shigar, ni na ba ta haƙuri na mayar mata da kuɗinta. Abu na uku, wanda ya fi damuna, bai bar mini rubutaccen bayanin abin da ya sauya ba. Cutar da ya warkar ta samo asali ne daga wani da ya sauya lamba ɗaya ya tafi bai rubuta ba, kuma idan gobe wani mai gyaran ya zo ba shi ba, babu abin da zai nuna masa dalilin da ya sa zoben yake 1024.

Batun kuɗi kuwa, jikka 15 ya karɓa ladan aikin duka, na zuwansa sau 3, sannan na sayi katin da ya ba ni aro a kan jikka 12. Idan na kwatanta da abin da na kashe wajen sauya wayoyi da ƙarin kuɗin layi na watanni, wanda daga baya na mayar yadda yake, ban ga tsada ba ko kaɗan. Ya kuma share ƙurar hunturu da ta toshe fankar kwamfutar ba tare da na ce ya yi ba, ya ba ni shawarar in ƙara ma'adanar ta kai gigabayit 4 idan na samu hali, amma ya ce ba gaggawa ba ne, kuma ya ƙi cewa in saya a hannunsa.

Ga wanda yake da irin sana'ata a Maradi, ko ofis mai kwamfuta guda da kowa yake bi ta cikinta, ina ba da shawarar a nemi irin wannan mai gyaran idan alamomin sun yi kama da nawa, wato lafiya da safe, ciwo idan an cika, sauƙi bayan kashewa da kunnawa. Sai dai a sa masa sharaɗi tun kafin ya fara cewa zai yi sauye-sauyen a lokacin da babu abokan ciniki, zai gwada kashewa da kunnawa, zai kuma rubuta kowace lamba da ya taɓa da wadda ya tarar. Wanda kuma aikinsa ba ya jure jiran kwana 2 ya sani cewa mutum ɗaya ne ba shi da mataimaki.

Kafin ya tafi a zuwansa na ƙarshe ya koya mini in riƙa buga ethtool -S ina duba layuka 2, rx_no_buffer_count da rx_missed_errors, na farko yana ƙirga lokutan da kati ya nemi gurbi a zobe bai samu ba, na biyu yana ƙirga ƙunshin da suka salwanta. Kowace Juma'a bayan an taso daga masallaci nakan duba su in rubuta a littafin shago. A makon rajistar da ya wuce, wanda shi ne mafi cunkoso a wurina, na farkon ya ɗan motsa a yammaci 2, na biyun bai tashi daga sifili ba. Takardar bayanin da ya yi mini alkawari har yanzu ba ta iso ba, na kuma sake tuna masa da ita a makon nan.